Waiwaye: Rangwamen haraji ga kamfanonin waje da batun gubar dalma a Zamfara

Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamban 2024, bayan fiye da shekara biyar, zancen jawo masu zuba jari daga ƙasashen waje ya sake tasowa a Gusau da Abuja. Duk inda aka yi wannan zance kuwa, sai an ambaci rangwamen haraji. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne me kamfani zai yi kafin ya cancanci rangwamen. Dokokin Najeriya sun daɗe da amsa guda: ya kawo jari a fannin da gwamnati ke so. Yadda zai riƙe ƙasa da ruwa da mutanen ƙauyen da ya sauka, wannan a wata dokar yake, kuma wani ofishin ne ke duba shi.

Asalin tsarin tun zamanin Turawa ne. A 1952 aka yi dokar tallafa wa masana'antu masu share fage, aka sake ta a 1958, sannan dokar 1971 ta zama madogara har tsawon shekara hamsin da 'yan kai. A ƙarƙashin waccan doka, kamfanin da ya samu wannan matsayi yana hutawa da biyan harajin riba na shekara uku, ana iya ƙara masa har biyu. Ma'aunin shi ne ko masana'antar tana cikin jerin waɗanda ƙasa ke buƙata amma ba su wadata ba. Dokokin 1972 da 1977 sun taƙaita hannun baƙi a harkoki da dama, sai a 1995 aka juya akala: aka kafa hukumar bunƙasa zuba jari ta NIPC, aka bai wa baƙo damar mallakar kamfani ɗungurungum da fitar da ribarsa zuwa gida.

Dokokin muhalli ta wata hanyar suka biyo, kuma masifa ce ta haife su. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. A shekarar aka haramta shigo da irin wannan shara, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. Dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta zo a 1992, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta NESREA kuma a 2007.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta haɗa ɓangarorin biyu a takarda ɗaya. Ta bai wa mai lasisi hutun haraji na shekara uku daga ranar fara aiki, da yiwuwar ƙarin biyu. Ta yafe kuɗin kwastam a kan injinan haƙa, ta kuma yarda a cire kashi 95 cikin ɗari na kuɗin kayan aiki daga riba tun a shekarar da aka kashe su. A ɗaya gefen, sashe na 116 ya wajabta yarjejeniya da al'ummar wurin kafin a fara aiki, wadda za a sake dubawa duk shekara biyar. Sashe na 119 ya nemi rahoton muhalli da ma'aikatar muhalli ta amince da shi, sashe na 121 ya kafa asusun gyaran ƙasa, sashe na 30 kuma ya ce kuɗin da kamfani ya ware don cike ramuka da rufe mahaƙa ba za a ɗora masa haraji ba. A rubuce dokar ba ta da laifi. Rauninta shi ne rangwamen yana fara aiki da wuri, shi kuwa bincike sai an samu jami'i da mota da mai.

Shekara uku bayan wannan doka, a watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ga yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, daga baya Bagega: yara fiye da 400 suka rasu. Adalci ne a faɗa cewa ba kamfanin waje ne ya jawo wannan ba. Farashin zinare ya haura dala dubu a kan oza guda, mutanen gari suka riƙa kwaso dutse zuwa gida, ana farfasa shi a tsakar gida, ana niƙa shi a bushe da injin niƙan hatsi, ana wanke garin kusa da rijiya da kududdufi, ana kama zinaren da zaiba a ƙona ta a fili. Dutsen yankin cike yake da dalma. Ƙurar ta zauna a ƙasan ɗaki, yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. A wasu gidaje an auna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a turɓayar gidan, alhali 400 ce iyakar da aka yi aiki da ita.

Gyaran ya ci wahala da kuɗi. Gida-gida aka bi, ana kankare saman ƙasa kimanin santimita biyar, a kai ta ramin binnewa, a zubo sabuwa mai tsabta. Ba a fara bai wa yaro maganin fitar da dalma sai an share gidansu, don in ya koma cikin ƙurar aikin ya tashi a banza. Bagega ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikinta. Waɗanda suka sayi zinaren suka wuce da shi ba su biya ko sisi ba. Wannan ne dalilin da ya sa batun ya shafi kamfanonin da ake zawarci yanzu: dutsen Anka bai canza ba, kuma injin da ke niƙa tan ɗari a rana zai fi injin ƙauye tayar da ƙura in ba a tilasta masa niƙa da ruwa ba.

Shi kansa hutun harajin ya sha suka. A 2015 gwamnati ta dakatar da karɓar sababbin buƙatu saboda ƙorafin ana bai wa waɗanda ba su cancanta ba, sai a 2017 aka buɗe da sababbin ƙa'idoji da ƙarin masana'antu 27. Hanyoyin zamba sanannu ne. Tsohon kamfani ya sake suna ya dawo a matsayin sabo. Wani ya sayar wa kamfani ɗan'uwansa na ƙasar waje kaya a farashi mai rahusa don ribar ta bayyana a can. Mahaƙa kuma tana da nata ciwon: shekarun farko ne ake kwashe dutse mafi kyau, wato daidai lokacin hutun, kuɗin cike ramuka kuwa sai ƙarshe yake zuwa, lokacin da mai jari ya riga ya mayar da uwar kuɗinsa.

A Zamfara haramcin Afrilun 2019, wanda aka yi saboda 'yan bindiga aka kuma umarci baƙi su bar wuraren haƙa cikin awa 48, bai tsayar da haƙar ba. Ya dai kore ta daga idon hukuma. A maƙwabciya Kebbi an gwada wata dabara ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na bunƙasa ƙananan masu haƙar zinare, PAGMI, inda aka yi wa ƙananan mahaƙa rajista a yankin Yauri, har a watan Yulin 2020 Babban Banki ya sayi zinare mai nauyin kilo 12.5 da aka tace bisa ma'aunin kasuwar Landan. A nan mai saye ne ke gindaya sharaɗi, kuma hanya ce da ta cancanci a raya.

Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta soke dokar 1971. A maimakon hutu, kamfanin da ke fannin da aka fifita zai riƙa cire kashi 5 cikin ɗari na jarin da ya zuba a kayan aiki daga harajinsa, kowace shekara har biyar. Wanda ya zuba naira biliyan 10 zai samu sauƙin miliyan 500 a shekara. Manyan kamfanonin ƙasa da ƙasa kuma dole jimlar harajinsu ta kai kashi 15 cikin ɗari na ribarsu, daidai da matsayar da ƙasashe da dama suka cimma a 2021, don haka yafe musu haraji gaba ɗaya ya daina amfani: abin da aka yafe a nan wata ƙasar ce za ta karɓa. Wannan tsari ya fi na da, domin sai an ga inji a ƙasa ake samun rangwame, kuma shekara-shekara yake zuwa. Har yanzu dai jari yake aunawa, amma ya buɗe ƙofar da za a iya cewa rangwamen bana sai an nuna takardar binciken muhalli ta bana.

Me takardar za ta ƙunsa a wuri irin Anka ko Maru? Da farko awon ƙasa da ruwan rijiyoyi kafin a sa diga, da rani da kuma damina, don samfurin rani kaɗai ba ya nuna inda ruwa ke kai guba. In babu wannan awon farko, duk lokacin da aka samu dalma kamfani zai ce a haka ya tarar. Sai niƙa da ruwa nesa da gidaje, tafkin zuba ragowar niƙa mai shimfiɗar da ke hana tsiyaya, wurin wanka da canza tufafi don ma'aikaci kada ya kai wa iyalinsa ƙura, da gwajin jinin ma'aikata a kai a kai. Kuɗin gyaran ƙasa a ajiye su a asusu tun farko. Mai awon kuma kada ya zama wanda kamfani ya ɗauko yake biya, wanda shi ne babban raunin rahotannin muhalli a yau. Rahoton ana baje shi kwana 21 na aiki don jama'a su gani, amma kundi ne da Turanci a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ya kamata a taƙaita shi da Hausa, a karanta a ƙofar hakimi da gidan rediyo.

Harajin kamfanoni da lasisin ma'adinai duk a hannun tarayya suke, amma jiha ba ta rasa abin riƙo ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, don haka takardar mallakar filin masana'anta da kuɗin hayar fili daga Gusau suke fitowa. Dokar 2007 ta kuma tanadi kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha, mai bai wa ministan ma'adinai shawara kan gurɓata ƙasa da biyan diyya. Duk sassaucin da jiha za ta yi wa baƙo a kan fili tana iya rubuta waɗannan sharuɗɗa a cikinsa, tare da sakin layin da ya ce wanda ya saɓa zai mayar da abin da aka yafe masa.