Gano asalin ƙarar da ke fitowa daga ƙarƙashin tsohuwar mota

A motocin da, irin waɗanda injinsu ke gaba amma tayoyin baya ne ke tura su, ƙarfin inji sai ya bi doguwar hanya kafin ya taɓa ƙasa. Daga inji ya shiga kulochi, daga nan giyabos, sai farfela, wato dogon bututun ƙarfen nan da ke juyawa a ƙarƙashin mota, sannan aksil na baya wanda shi ke raba juyin ga tayoyi biyu. Tsari ne tsoho sosai, kamfanin Panhard na Faransa ya fara sa inji gaba yana tura baya tun 1891, Louis Renault kuma ya yi amfani da farfela maimakon sarƙa a 1898. Duk wani gurnani ko kuka ko ƙwanƙwasa da ke tasowa daga wannan layi shi ake magana a kai nan.

Matsalar ita ce ƙarar ƙarfe maƙaryaciya ce, tana bin jikin mota ta je ta fito a inda ba nan ta taso ba, sai ka rantse daga giyabos take alhali boris ɗin tayar baya ne ya ci. Shi ya sa gogaggen bakanike ba ya fara da tambayar ina take, tambayarsa ita ce me take bi. Idan tana hawa da sauka tare da juyin inji ko da mota na tsaye, to inji ne ko kulochi ko gaban giyabos. Idan kuwa gudun mota take bi, ko wace giya aka sa, to daga bayan giyabos ne zuwa taya. Gwajin ba wuya, a samu titi miƙaƙƙe mara cunkoso, a kai gudun da ƙarar ta fi fitowa, a sa mota a firi a bar inji ya sauka. In ta ci gaba yadda take, an wanke inji kenan.

Ɓangaren kulochi ƙafa ce ke yin binciken. Ƙarar da ke zuwa da zarar an fara taka kulochi, ta ɓace in an saki, boris ɗin da ke danna kulochin ne. In kuma akasin haka ne, mota na firi tana gurnani amma kana takawa sai tsit, to boris ɗin shaf ɗin da ke shiga giyabos ne, wato sandar ƙarfen da ke kai juyin inji ciki, don taka kulochi yana tsayar da shi. Akwai wata alama mai daɗin ganewa a giyabos mai giya huɗu: a yawancinsu giya ta 4 kai tsaye ce, ƙarfi ba ya bi ta shaf ɗin ƙasa, wato shaf na biyu a cikin giyabos da sauran giyoyin gaba ke bi ta kansa, saboda haka ƙarar da ke nan a ta 1 da ta 2 da ta 3 amma ta lafa a ta 4 galibi shaf ɗin ƙasan ne ko boris ɗinsa. Sai dai fa ba kowane kuka ne ciwo ba. Cadillac ta kawo giya mai zoben daidaita gudu tun 1928, amma motoci da yawa har cikin shekarun 1960 ba su da shi a giya ta 1, kuma haƙoran ta 1 da na ribas miƙaƙƙu ne, dole su yi kuka, haka aka ƙera su. Mutane da yawa sun sauke giyabos lafiyayye a kan wannan.

Farfela tana da mahaɗi mai siffar gicciye da ake kira kuros, wanda a littattafai ake jingina wa Gerolamo Cardano ɗan Italiya da Robert Hooke ɗan Ingila. Idan giris ɗinsa ya bushe yakan fara da tsiwa-tsiwa kamar ta tsuntsu a ƙaramin gudu, daga baya sai ya koma ƙwas! duk lokacin da aka taka totur ko aka saki, ko aka sa ribas. In ka shiga ƙasa ka duba za ka ga wani jan gari kamar tsatsa ya fito a bakin kofunan kuros ɗin, wannan siraran ƙarafan da ke cikin kofunan ne, masu kama da allurai, suka niƙe. Ka riƙe farfelar da hannu ɗaya, ɗayan hannun a bayan mahaɗin, ka murɗa, bai kamata ka ji wasa ko kaɗan ba. Farfela tana juyawa kusan sau 3 zuwa 4 a kowane juyi ɗaya na taya, shi ya sa girgizarta ke zuwa kamar zuzun ƙudan zuma a kujera da daɓen mota, ta taya kuwa tsalle-tsalle ce a hankali. Kuma wanda ya cire farfela mai gida biyu bai sa alama da fenti ba, ya mayar da ita a karkace, ya sayo wa kansa girgizar da da babu ita. Wasu motocin suna da boris a tsakiya cikin roba, wasu kamar tsofaffin Mercedes-Benz da BMW suna da faifan roba a bayan giyabos, in ya tsattsage sai bugu lokacin tashi. Peugeot 504 salun ita tata farfelar a cikin bututu take a rufe, ba a ganinta da ido sai an kwance.

Aksil shi ne inda aka fi asarar kuɗi a banza. Haƙoransa irin waɗanda kamfanin motoci na Packard na Amurka ya fara sawa a 1926 ne, suna gogar juna sosai, suna son man giya mai kauri kamar 80W-90. Kukan da ke zuwa sai an taka totur yawanci cin haƙora ne ko rashin zamansu daidai, wanda ke zuwa in an saki totur kuma an fi zargin boris ɗin ƙaramar giyar da farfela ke juyawa, ya yi sako-sako. Tazarar da ake bari tsakanin haƙoran ƙanƙanuwa ce, wajen milimita 0.15 zuwa 0.25 a motoci da yawa, ba aikin kintace ba ne, agogon awo ake sawa. Haƙoran da suka riga suka ci kuwa ko an sake saiti da wuya su yi shiru.

Amma kafin a taɓa aksil a tabbatar ba boris ɗin taya ba ne. Shi gurnaninsa babu ruwansa da totur, nauyi yake ji, in ka karkata sitiyari hagu nauyi ya koma dama, ƙarar ta ƙaru, to yawanci na dama ne. Taya mai cin gefe ma tana kwaikwayon wannan gurnanin, bambancin shi ne tata tana canzawa in an sauka daga kwalta mai santsi zuwa mai kaushi. Ga kuma salansa da ke dukan jikin mota, da robar da inji ke zaune a kai in ta mutu, duk suna ba da ƙwanƙwasa irin ta kuros.

Mai ma yana ba da labari. A giyabos mai zobban daidaita gudu na tagulla an fi son man giya mai lamba GL-4, don wasu nau'ikan GL-5 suna cin tagulla, shi kuma aksil GL-5 ɗin ya fi so. Idan an ɗaga mota don a saurara, a ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe, jak kaɗai ba abin yarda ba ne, a dafa bakin dogon sukundireba a jikin aksil, mariƙin a kunne, a yi nesa da abin da ke juyawa. Sannan a kwance notin zubar da mai a duba maganaɗisun da ke kansa in yana da shi. Baƙin laka mai laushi kamar kwalli cin yau da kullum ne, ƙyalli ruwan zinare a cikin man kuwa, zobban tagulla ne ke cinyewa, ɓarɓashin da yatsa ke ji kamar tsakuwa kuwa haƙori ne ko boris ya fara farfashewa, a nan sai an buɗe.