Ƙarfen da aka riƙa ɗora wa zakara a tseren BTCC ba hukunci ba ne

Tun da gajerun bidiyoyin tseren motocin Birtaniya suka fara yawo a wayoyin samarinmu, maganganu biyu nake ta ji. Ta farko, wai an kama direban da ke kan gaba da maguɗi, shi ya sa aka loda wa motarsa ƙarfe. Ta biyu, wai masu gasar ne ke zaɓen wanda zai ci, tunda ga shi ƙiri-ƙiri mutum ya zo na ɗaya, amma da aka dawo tsere na gaba sai aka tura shi tsakiya, aka sa wanda ya zo na tara a gaba. Duka biyun kuskure ne. Abin da aka gani doka ce rubutacciya, wadda kowane direba ya sani tun kafin ya kunna mota a farkon kaka.

Gasar da ake magana a kanta ita ce BTCC, babbar gasar Birtaniya ta motoci masu siffar motar gida, irin su BMW, Honda, Toyota da Ford. An fara ta a 1958, kuma kamfanin TOCA ne ke tafiyar da ita ƙarƙashin Alan Gow. Kaka guda tana da haɗuwa goma, kowace haɗuwa tsere uku a rana ɗaya, jimilla talatin ke nan. Dokar ta hau kan duk wanda ya shiga, ko ƙungiyar da kamfanin mota ke ɗaukar nauyinta, ko mai zaman kansa.

Zan yi misali da kakar 2018, domin ita ce ta fi nuna yadda abin ke aiki.

A waccan kaka, direbobi goma na sama ne ke ɗaukar ƙarin nauyi. Na ɗaya kilo 75, na biyu 66, na uku 57, haka ake ta raguwa har zuwa na goma mai kilo 9. Daga na goma sha ɗaya zuwa ƙasa babu ko ƙwaya. Kilo 75 kuwa buhun siminti ɗaya da rabi ne, a ɗaure cikin akwati a gefen da kujerar fasinja za ta kasance. Duk direban da ya taɓa ɗauko kaya ya san abin da nauyi ke yi wa mota: birki ba ya kamawa da wuri, fita daga kwana sai da nishi, taya kuma tana saurin cinyewa. A gasar da ake raba mutum goma da ƙasa da daƙiƙa guda a zagayen gwaji, wannan ba ƙaramin cikas ba ne.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne wane ne "na ɗaya", domin ma'aunin yana canzawa a cikin rana guda. A zagayen neman gurbin tashi da kuma tseren farko, teburin gasa ake dubawa: wanda ya fi kowa maki a kakar shi ne mai kilo 75. Da an gama tseren farko, sai a ajiye teburin gefe. A tsere na biyu, sakamakon tseren farko ne ke raba nauyi. A na uku kuma, sakamakon na biyu. Saboda haka mutum yana iya wayar gari da kilo 75 don shi ke jan ragamar gasa, ya sha wahala ya ƙare na goma sha biyu, sai ya shiga tsere na biyu motarsa wayam babu komai, ya dinga wuce mutane kamar an sako shi daga turke. Mai kallon bidiyo ɗaya tak zai ce ai an yafe masa ne, ko an yi wata magana a bayan fage. Babu wata magana. Lissafi ne kawai. Haka kuma a haɗuwar farko ta kaka ba a ɗora wa kowa komai har sai an gama tseren farko, tunda babu teburin da za a duba.

Sai batun juya layi, wanda shi ne ya fi jawo zargi. Tsere na biyu ana tashi ne bisa yadda aka ƙare na farko. Na uku kuwa ƙuri'a ake jefawa a gaban kyamara, a zaro lamba guda. Idan tara ta fito, wanda ya zo na tara shi zai tsaya a gaba, na takwas ya bi masa, har a kai ga wanda ya ci tseren ya tsaya a gurbi na tara. Waɗanda suka ƙare ƙasa da na tara suna nan inda suke. To haɗa wannan da dokar nauyi ka gani: wanda ya ci tsere na biyu zai tashi daga na tara da kilo 75 a gefensa, shi kuwa na gaba kilo 15 kawai yake ɗauke da shi. An haɗa masa zafi biyu, ba tare da ya yi laifin komai ba.

Me ya sa ƙuri'a? Domin an gwada ba tare da ita ba, an ga abin da ya faru. Kafin 2006 mutum goma na farko ake juyawa kai tsaye, kowa ya san cewa na goma shi ne zai tashi a gaba. Sai direbobi suka koma rige-rigen zama na goma, wani ya sassauta ƙafa da gangan don a wuce shi. Aka kawo ƙuri'a tsakanin shida da goma don kada kowa ya san gurbin da zai yi wa kwanton ɓauna, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa sha biyu. Wato ƙuri'ar da ake kira maguɗi, ita ce aka kawo don toshe wata kafar wayo.

Hukunci na gaskiya kuwa daban yake, kuma yana da takarda. Idan direba ya bangaji wani daga baya don ya wuce, jami'in da ke kula da tseren yana iya ƙara masa daƙiƙoƙi a kan lokacinsa har ya koma bayan wanda ya zalunta, ko ya rage masa gurbi a tsere na gaba, ko ya ci shi tara, ko ya soke sakamakonsa gaba ɗaya. Ana kuma rubuta masa makin laifi a lasisinsa na tsere, wanda hukumar da ake kira Motorsport UK a yanzu ke bayarwa. Idan suka kai 12 cikin wata goma sha biyu, an dakatar da shi. Gasar ita ma tana da nata kundin. Laifi na uku da aka rubuta wa mutum yana kai shi can ƙarshen layin tashi, na huɗu ya hana shi tsere guda, daga nan abin ya yi ta ƙaruwa. Akwai kuma binciken mota: ana ɗora ta a sikeli, ana auna tsayinta daga ƙasa. Wadda ta gaza, an share sakamakonta, ko da karo ne ya jawo, sai dai in jami'ai sun karɓi uzurin. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara.

Bambancin a fili yake. Hukunci yana zuwa ne bayan laifi, da sunan mutum da dalili. Nauyi yana zuwa bayan nasara, kuma ba ya tambayar suna. Wanda aka tura gurbi na talatin ana iya tambayar me ya yi. Wanda aka tura na tara a tsere na uku, mai yiwuwa shi ne ya ci na biyu.

Ko dokar ta hana gwani cin gasa? Kakar 2018 ta ba da amsa mai fuska biyu. Direbobi 17 daban-daban ne suka ci tsere a cikin talatin ɗin. Wanda ya ɗauki kambun, Colin Turkington a cikin BMW, tsere ɗaya rak ya ci duk shekarar, a filin tseren Oulton Park, ya kuma gama da tazarar maki 12 a kan Tom Ingram. Sirrin yana cikin rabon maki: na ɗaya 20, na biyu 17, na uku 15, ana bayarwa har zuwa na goma sha biyar. Wanda ya iya lallaɓa mota mai nauyi ya kai ta na biyar ko na shida kullum, ya fi wanda ke ci yau ya faɗa rami gobe. Turkington ya sake ci a 2019, kambunsa na huɗu. Ash Sutton ma ya ci 2017 da 2020 da 2021 duk a zamanin ƙarfen nan. Da ƙuri'a ce ke naɗa zakara, da ba sunaye ɗaya za su yi ta dawowa ba.

Ni dai ba zan ce dokar adalci ce tsantsa ba. An yi ta ne don kada mota ɗaya ta tsere wa kowa masu kallo su kashe talabijin, kuma masu gasar ba su taɓa ɓoye hakan ba. Nauyin ina iya haɗiye shi, tunda a tseren dawakai na Ingila an daɗe ana ƙara wa dokin da ya fi gudu kaya. Ƙuri'ar ce ke tsaya mini a wuya: mutum biyu sun yi tsere iri ɗaya, lamba guda da aka zaro ta ba wa na takwas gaba, ta bar na tara a inda yake. Ko su masu gasar, da suka tashi bikin cika shekara 60 a filin tseren Snetterton a 2018, sai suka shirya tsere na musamman mai mil 60 da ninkin maki, suka cire nauyi gaba ɗaya. Matt Neal ne ya ci shi.

Abu na ƙarshe ga masu tura bidiyo: ƙarfen ma an daina shi. Kakar 2021 ce ta ƙarshe. Daga 2022 aka sa wa motocin ƙarin ƙarfin lantarki na kamfanin Cosworth, wanda direba ke danna maɓalli ya samu na 'yan daƙiƙoƙi, aka kuma rage wa na gaba yawan zagayen da zai iya amfani da shi. A 2025 aka cire na'urar lantarkin, ƙarin ƙarfin ya koma fitowa daga injin kansa, amma tsarin rage wa na sama bai canza ba. Shi ƙarfe ko ba komai ana iya ɗora shi a sikeli a nuna wa mai gardama. Wannan sabon ba a ganinsa da ido, sai dai ka ga motar da ta ci tsere ɗazu ana wuce ta a miƙaƙƙiyar hanya, direbanta yana da maɓallin amma zagayensa sun ƙare.