Jemage ba da baki yake kashi ba

An daɗe ana cewa jemage da baki yake kashi, wai ba shi da mafita. Da irin wannan ƙyama yara ke jifansu, a wasu lambunan gari ma har sare itacen da suke kwana ake yi.

Jemage na da hanji da dubura kamar kowace dabba mai shayarwa. Abin da ake gani ƙarƙashin mangwaro ko ɓaure tuƙa ce: yana tauna 'ya'yan itacen, ya tsotse ruwan, ya tofar da sauran. In kashi ya matsa shi, juyowa yake ya rataya da faratan fikafikansa, ko ya yi shi yana cikin tashi.

Kashin nan kuwa shuka ce, don ƙananan iri na bi ta cikinsa su fito lafiya. A Accra, babban birnin Ghana, jemagun da ke cika itatuwan gefen asibitin sojoji na 37, bincike ya nuna suna iya kai iri nisan kilomita 75. Su kuma ƙananan jemagu, ƙwari suke ci da dare, har da masu ɓarna a gona.

A dai guji kama su da hannu, suna iya ɗauke da cuta.