Idan bas ɗin gwamnati ya koma hannun ɗan kasuwa, wa ke kare fasinja?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da magidanci a Sakkwato ke lissafawa kafin ya taka ƙafa zuwa Illela ko Tambuwal. Shi ya sa duk ranar da aka ce za a miƙa motocin gwamnati ga kamfani, hankalin talaka ke tashi, kuma yana da gaskiya.

Akwai dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin mai saye, ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar da ke tabbatar da ana bin dokar. Fasinja mai sayen hidima ne, don haka dokar ta shafe shi. Ta ce a bayyana masa farashi tun kafin ya biya, kuma kada a karɓi fiye da abin da aka bayyana. Ta ce a yi masa aikin a kan lokaci, in za a samu jinkirin da ba makawa a sanar da shi. Wanda ya yanki tikiti tun da wuri ya fasa tafiya yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa, bayan an cire ɗan abin da hankali zai ɗauka. Rubutun nan na bayan tikiti, wai kamfani ba ruwansa da kayan da suka ɓace, ba ya wanke kamfanin idan mugun sakacinsa ne ya jawo asarar. Haka kuma haramun ne kamfanoni su haɗa baki su tsayar da farashi ɗaya.

Sai dai dokar ba ta yanke kuɗin mota ba, ba ta kuma tilasta wa kowa ya bi hanyar da ba riba. Ɗan kasuwa zai zuba motocinsa a layin da ke cika da wuri, ya bar mutumin Kebbe ko Tangaza yana zaune a tasha har azahar, yana jiran lodi. Wannan gurbin, yarjejeniyar da gwamnati za ta sa wa hannu da kamfanin ce kaɗai za ta cike shi.

Ingila ta ɗanɗana wannan. A 1986 aka sakar wa kamfanoni harkar bas a wajen Landan, kowa da hanyarsa da farashinsa. A Landan kuwa hukuma ta riƙe ikon tsara hanya da kuɗi, kamfani yana tuƙi ne kawai bisa kwangila. A 2023 yankin Mancesta ya fara komawa irin tsarin Landan.

Don haka abin da ya kamata 'yan majalisar jiha, ƙungiyoyin ɗalibai da na masu buƙata ta musamman su nema, tun kafin a miƙa makulli, shi ne a rubuta iyakar kuɗin kowace hanya da yadda za a ƙara shi, a rubuta garuruwan da dole mota ta je ko da fasinja biyar ne, da tarar da kamfani zai biya in ya saɓa. A kuma buga yarjejeniyar da Hausa, a manna ta a bakin tasha inda mai jiran mota zai karanta.