Kifi Na Ganinka, Mai Jar Koma

Wata uku ke nan a jere, da zarar wata ya kai daren sha uku ko sha huɗu, sai an aiko mini da sassafe in zo bakin ruwa in ga ɓarna. Na baya-bayan nan ne ya sa na kasa yin shiru. Na iske gaɓar ruwa ta yi fari fat da 'ya'yan kifi, duk ciki sama, wasunsu ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba. Ga kwaɗi a mace, ga wani wari mai hawa kai. Wanda ya zuba maganin ƙwari a ruwan ya kwashe manyan tun kafin gari ya waye, ya bar waɗannan da ba za su saidu ba. Ina tsaye sai ga wani yaro ya koro awaki zai shayar da su a wurin, da ƙyar na tare shi.

Da na tambayi dalili, wani dattijo ya ba ni amsar da na saba ji: "Malam, yaran nan kwana huɗu suna ɗaga kalli ba komai a ciki. Kifi ya ƙi shiga. Da me za su ci da iyali?"

Na ce masa, Baba, ka fi ni sanin ruwa, ka ɗaga kai ka dubi sama. Kifi yana nan bai je ko'ina ba, farin wata ne. Ku ne kuka koya mana cewa kifi na ganinka mai jar koma. A daren da wata ya cika, haske na ratsa ruwa, musamman in ruwan ya kwanta ya yi garau, kifi ya hango zaren kalli ya kauce. Ƙananan halittun da 'yan kifaye ke ci su ma ƙasa suke yi idan haske ya yi yawa, kifayen su bi su. Masu kamu da fitila kuwa sun fi kowa jin jiki, domin hasken fitilarsu ba ya jan komai muddin wata ya haske ruwa gaba ɗaya. Shi ya sa masu kama ƙananan kifaye da fitila a tafkin Victoria da Tanganyika da Kariba suke jingine aiki a kwanakin cikar wata, su jira duhu.

'Yan'uwana masunta, na san zafin komawa gida hannu rabbana. Na san yadda mutum ke ji ya kwana cikin sanyi da sauro, gari ya waye kwale-kwale wayam, ga yara na jira. Ban raina wannan ba. Amma don Allah, kwana biyar ko shida na farin wata ne zai sa mutum ya ɗauko kwalbar maganin ƙwari ya tuttula a ruwan da shi kansa yake sha? Ku daina zuba guba a ruwa!

Wata yana kammala zagayensa cikin kwana 29 da rabi. Dararen da haske ke kwana a sama daga magariba har asuba ba su da yawa, daga wajen sha biyu ne zuwa sha shida ko sha bakwai. Bayan ya cika, kowane dare yakan yi jinkirin fitowa da kusan minti 50. Ke nan a daren sha takwas kana da duhu na sa'o'i a farkon dare, zuwa daren ashirin da biyu kuma sai wajen tsakar dare zai leƙo. Haka a farkon wata: a daren bakwai yana faɗuwa wajen tsakar dare, ya bar maka duhu har asuba. Wanda ya riƙe lissafin nan ya san lokacin da zai shimfiɗa kalli da lokacin da zai zauna ya ɗinke ragarsa. Masu su a teku suna da ƙarin lissafi, don a tsayuwar wata da cikarsa ruwa ya fi tumbatsa da janyewa, kifi kuma na bin motsin ruwan. A kogi da tafki kuwa hasken ne abin dubawa. Shi ma ba kullum yake hanawa ba: in hadari ya rufe sama ko ruwa ya gurɓace da laka, sai ka kama kifinka ko da a daren sha huɗu ne.

Duk wannan yawancinku sun sani. Abin da ke ba ni takaici ke nan. An sani, amma ana zubawa.

Maganin da aka fi ambata mini shi ne gamalin. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, tun 2009 aka sa shi a jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya ta hana amfani da su a gona, kuma a 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo wa ɗan Adam cutar. Yana maƙalewa a kitsen kifi, ya daɗe a lakar ƙasan ruwa. Wanki ba ya fitar da shi, ƙyafewa ma ba ta fitar da shi. Na ga yarinya tana amai, jiki na karkarwa, bayan an ci kifin da aka tsinto a irin wannan ruwa, uwarta na kuka tana cewa ita ba ta san komai ba. Gaskiyarta, ba ta sani ba. Wanda ya zuba ne ya sani. Sauran magungunan feshi da ake zubawa su ma guba ce, kada wani ya ce mini nasa mai sauƙi ne.

Kai da ka zuba, dubi abin da ka yi wa kanka. Kalli yana kama babba ya bar ƙarami ya wuce. Guba kuwa ba ta zaɓe, har mai ƙwai da ɗan jiya take kashewa. Karfasar da za ka kama bayan wata shida ita ce na gani ciki sama a gaɓa. In duhu ya dawo, ka shimfiɗa raga ka ɗaga ba komai, wata za ka zarga ko wa? A lokacin ne kifi ya ƙare da gaske, kai ne kuma ka ƙarar da shi. Ku daina, don girman Allah ku daina.

A kwanakin farin wata, ku nutsar da kalli ƙasa ko ku nemi inuwar ciyawa da bishiyoyin gaɓa. Ku koma ga ƙugiya da gura, wato tarkon kifi, tarwaɗa da ƙanshi da gashin baki take neman abinci, haske bai cika damunta ba. Ku gyara raga, ku toshe kwale-kwale. Daga kamun kwanakin duhu a riƙa ajiye wani abu saboda wannan makon. In kun ga kifi ya taso a mace da yawa, kada a tsinta, kada a sayar, kada a shayar da dabba, a sanar da shugabannin masunta da jami'in da ke kusa. Wanda ya ci ya fara amai ko jiri ko farfaɗiya, a garzaya da shi asibiti, a faɗa wa likita abin da ya ci, kada a tsaya ɗura masa madara ko mai.