Tambayar da yaro bai yi a gida ba, a waje zai yi ta

Iyaye, malamai, yayye da duk mai riƙon yaro ko yarinyar da suka fara tasawa, da ku nake. Kula da lafiyar al'umma ne aikina, kuma babu abin da ke tsaya mini a rai kamar yawan matasan da ake kawo mana bayan aikin gama ya gama, alhali da an zauna da su a gida tun da wuri, da abin bai kai haka ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa 'yan shekara 10 zuwa 19 a matsayin masu tasowa, kuma yawansu ya kai kusan biliyan 1.3, wato mutum ɗaya cikin kowane shida a doron ƙasa. A waɗannan shekaru jiki yana riga hankali girma. Yarinya kan fara ganin alamun balaga tsakanin shekara 8 da 13, yaro kuma tsakanin 9 da 14. Amma sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abin da zai biyo baya ya ce wa mutum "dakata tukuna", ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi kuwa sashen da ke son jin daɗi da yabon abokai tuni ya farka. Shi ya sa za ka ga yaro mai natsuwa a gida, amma ya shiga cikin sa'anninsa ya tafka wautar da kai kanka za ka rantse ba shi ba ne. Yana buƙatar babba a kusa da shi, wanda zai iya tambaya ba tare da ya ji tsoro ba.

Na san abin da ke hana iyaye da yawa buɗe baki. Suna tsoron kada maganar ta buɗe wa yaro ido, ya je ya gwada abin da da bai sani ba. Tsoro ne na mai ƙauna, ban raina shi ba. Sai dai an bincika wannan batu sosai. Hukumar UNESCO, mai kula da ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da jagora kan koyar da matasa sanin jikinsu a 2009, ta sabunta shi a 2018 bayan nazarin bincike daga ƙasashe daban-daban, kuma abin da aka gano shi ne ingantaccen bayani ba ya ingiza matasa ga jima'i. Sau da yawa ma jinkirta shi yake sa su yi. Idon da ake tsoron buɗewa kuwa, waya ta riga ta buɗe shi. Abin da ya rage shi ne wa zai gyara wa yaron abin da ya gani.

A fara da jikin kansa. Ku dubi yarinya 'yar shekara 11 da ta ga jini a jikinta ba wanda ya taɓa yi mata bayani. Ta shige banɗaki ta kulle, ta wanke tufafin a ɓoye, ta cusa tsumma, ta kwana tana tunanin ko wata muguwar cuta ce ta kama ta, ko kuma wani laifi ta yi. Da mahaifiyarta ta riga ta ce mata, "'Yata, akwai ranar da za ki ga jini, lafiya ce, duk mace tana yi, ki zo ki faɗa mini in nuna miki yadda ake kintsawa," da wannan daren bai zame mata tashin hankali ba. Haka yaro namiji da mafarkinsa na farko, da sauyin murya, da ƙurajen fuska, da ɗan kumburin nono da kan fito wa wasu samari ya baje da kansa. Uba ko yayansa ya gaya masa tun kafin su zo. Akwai kuma alamun da ke buƙatar a je asibiti: jinin al'ada da ya wuce kwana 7, ko mai yawan da sai an canza audugar mata duk bayan awa ɗaya ko biyu, ko ciwon marar da ke hana zuwa makaranta, ko jiri da kasala da ke nuna ƙarancin jini, ko a kai shekara 15 ba a fara al'ada ba.

Daga nan sai maganar da ta fi nauyi a baki. Akwai ƙarairayi da ke yawo a tsakanin matasa, kuma sun jefa da yawa cikin halaka: wai ba a ɗaukar ciki a karon farko, wai wanka ko fitsari bayan saduwa yana hana ciki, wai wadda ba ta fara al'ada ba ba za ta ɗauka ba. Duk ƙarya ne. Ƙwan mace yana iya fita kafin jinin farko ya zo, kuma maniyyi yana iya rayuwa a jikinta har kwana 5. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta nuna 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suna ɗaukar ciki kusan miliyan 21 a shekara, kuma kusan rabi ba da niyya ba. Jikin da bai gama ginuwa ba ya fi fuskantar jijjiga da ciwon da ke biyo bayan haihuwa, jaririn kuma ya fi yiwuwar zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Wadda tsoro ya kai ta ga zubar da ciki a ɓoye, a hannun wanda bai san aikin ba, ranta ne a kan siraɗi.

Cututtukan da ake ɗauka ta saduwa ba a gane su a fuska. Ciwon sanyi da makamantansa kan zauna a jikin mace ba wata alama, suna toshe hanyar ƙwai, sai bayan shekaru a zo ana neman haihuwa. Mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV zai iya shekaru yana cikin ƙoshin lafiya a ido. Gwaji kaɗai ke nunawa, kuma wanda ya fara shan magani da wuri yana rayuwarsa kamar kowa. Ƙaurace wa jima'i shi ne kariyar da ba ta da gibi, ku faɗa wa 'ya'yanku haka ƙarara, tare da tarbiyyar da kuka yi imani da ita. Ku kuma sani cewa cikin hanyoyin kariya, kwaroron roba ne kaɗai ke tare ciki da cuta a lokaci guda. Sannan akwai allurar rigakafin HPV (wata ƙwayar cuta da ake ɗauka ta saduwa) da ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, wadda ke kare su daga sankarar bakin mahaifa idan sun girma. Ba ta hana haihuwa.

Wani abu da nake roƙon kowa ya haddace: idan aka yi wa yarinya ko yaro fyaɗe, a kai shi asibiti nan take. Maganin da ke hana kamuwa da HIV yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, ana kuma shan sa kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana da wa'adin kwana 5, kuma gwargwadon saurin shan sa gwargwadon amfaninsa. Kwanakin da ake ɓatawa ana shawarar yadda za a rufa asiri su ne kwanakin da maganin ke da amfani. Mafi yawan masu lalata da yara ba baƙi ba ne, mutane ne da yaron ya sani, gidan ma ya yarda da su. Don haka a koya wa yaro cewa jikinsa nasa ne, kuma duk babban da ya ce "kada ka gaya wa kowa" to wannan ne abin da za a fara gaya wa Mama.

Soyayya kuwa za ta zo, ko mun so ko mun ƙi. Abin da matashi ke buƙata shi ne ya iya bambance mai ƙaunarsa da mai son mallake shi. Wanda ke cewa "in kina sona ki yarda", ko yake binciken wayarki, ko ya raba ki da ƙawayenki, ko ya nemi ki turo hoton tsiraici, ba ƙaunarki yake ba. Hoton da ya bar waya ba ya dawowa, kuma da shi ake yi wa 'yan mata da samari barazana ana karɓar kuɗi ko abin da ya fi kuɗi. Samari ma a gaya musu: "a'a" tana nufin a'a, shiru ba amincewa ba ne, wadda ke cikin maye ko barci ba ta amince da komai ba.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, domin daga nan sauran matsalolin kan samo asali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane matasa bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa ko yawan fargaba, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna farawa ne kafin a wuce shekara 18. Kashe kai yana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke 'yan shekara 15 zuwa 29. Ciwon damuwa a jikin matashi ba lallai ya zo da kuka ba. Yakan zo da saurin fushi, da kulle kai a ɗaki, da daina abin da da yake so, da faɗuwa a jarrabawa, da ciwon kai ko ciwon ciki da aka auna ba a ga komai ba, da rashin barci ko barcin da ya wuce kima. A gida sai a ce ya zama malalaci, ko ta fara rashin kunya. Idan irin wannan sauyi ya wuce mako biyu, a daina faɗa, a zauna a tambaya.

Yadda ake tambayar ma abin koyo ne. Ba a gaban ƙanne ba, ba kuma lokacin da rai ya ɓaci ba. Uba ya samu ɗansa su biyu, ya ce, "Ɗana, na lura kwanan nan ba ka cikin walwala, abinci ma ba ka ci sosai. Me ke damun ka?" Amsar farko kusan kullum ita ce, "Ba komai, Baba." Kada a tsaya nan, kada kuma a matsa. A ce, "To, ina nan duk lokacin da ka shirya," sannan a sake komawa bayan kwana biyu. In ya fara magana, a bar shi ya kai aya, ban da katse shi da "mu a zamaninmu". In kuwa ya furta cewa ya gaji da rayuwa, ko kun ga yanka a hannunsa, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciya, sauƙi take kawowa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar. Ciwon damuwa yana da magani, ta hanyar zama da ƙwararre, wani lokaci har da ƙwayoyin asibiti. Barci ma a kula da shi: matashi yana buƙatar awa 8 zuwa 10, wayar da ke kwana a ƙarƙashin matashin kai kuwa ita ke cinye su.

Yaron da ya rasa wanda zai gaya wa damuwarsa, abokinsa zai miƙo masa abin da "zai sa ya manta". Ta nan shaye-shaye ke shigowa gidaje da yawa. Tramadol da maganin tari mai kodin dangi ɗaya ne. Jiki yana sabawa da su da sauri, abin da ya isa jiya ba zai isa gobe ba, kuma ranar da ba a samu ba sai ciwon jiki da gumi da gudawa da rashin barci. Idan suka yi yawa suna rage numfashi har ya tsaya, musamman in an haɗa su da barasa ko ƙwayar barci. Tramadol yana kuma jawo farfaɗiya. Shaƙar sholisho ko fetur tana iya tsayar da zuciya ko a karon farko. Wiwi, idan an fara ta da ƙuruciya ana yawan sha, tana ƙara haɗarin taɓin hankali. Shisha ba ta fi sigari sauƙi ba, ruwan da ke cikinta ba ya tace dafin hayaƙin, kuma yawancin masu shan taba tun kafin shekara 18 suka fara. Barasa kaɗai ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 2.6 a duniya a 2019.

Idan kun tarar da matashi a sheme, ba ya farkawa, numfashinsa na fita da ƙyar ko da minshari, leɓɓansa sun canza launi, ƙwayar idonsa ta tsuke ƙwarai, kada a ce a bar shi ya yi barci maye ya sake shi. Kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe don kada ya shaƙe da amai, a garzaya da shi asibiti tare da kwalin abin da ya sha. Akwai allura mai suna naloxone da ke karya ƙarfin irin su kodin, in an isa da wuri.

In kuma sachet ɗin ƙwaya kuka tsinta a aljihunsa, na san zuciya za ta tafasa. Duka da ɗauri da kora daga gida ba sa cire jarabar daga jiki, ɓoyewa kawai suke koya masa, korar kuma tana miƙa shi ga waɗanda suka fara ba shi. Ku bari ranku ya huce, ku tambaye shi yaushe ya fara, me yake sha, me yake ji in bai sha ba. Wanda ya daɗe yana shan barasa ko ƙwayar barci kada ya yanke lokaci guda ba tare da kulawar likita ba, domin yankewar kanta tana iya jawo jijjiga. Komawa ruwa bayan an daina abu ne da ke faruwa a hanyar warkewa, sai a sake tashi a ci gaba.

Idan kuka kawo mana ɗanku ko 'yarku asibiti, bayan kun yi naku bayanin, ku ba mu 'yan mintuna mu gana da shi shi kaɗai. Akwai abin da nauyin idonku ba zai bar shi ya faɗa ba, kuma sai ya faɗa za mu san gwajin da ya dace da maganin da za mu ba shi. Abin da ya gaya mana amana ne, amma duk abin da ya shafi barazana ga ransa ko cutarwar da wani ke yi masa, za mu sanar da shi cewa dole a nemo babban da zai kare shi, sannan mu kira ku.