Anubis ba shaiɗanin Misirawan dā ba ne

Mutane da dama in sun ga hoton Anubis, mai jikin mutum da kan dila baƙi ƙirin, sai su ɗauka mugun abin bauta ne mai ɗaukar rai. Fina-finai ne suka ɓata masa suna. A imanin Misirawan dā, shi mai gadin kaburbura ne, mai kula da shirya gawa da naɗe ta. Baƙin kuwa launin ƙasar da ambaliyar Nilu ke bari ne, alamar albarkar noma da sabuwar rayuwa.

Ko wajen hisabi, aikinsa kula da sikeli: zuciyar mamaci gefe guda, gashin jimina na Ma'at, abar bautarsu ta gaskiya da adalci, ɗaya gefen. Osiris, abin bautarsu mai mulkin lahira, shi ke shugabantar shari'ar, Ammit kuma, wata dodanniya mai kan kada, ta cinye zuciyar da ta fi gashin nauyi.